Hashiyar da ta ja wa Auta kunya

Talata, Katsina.

Hazo ya sauko tun asuba, ko hasumiyar Gobarau ba a hangowa sosai daga bakin layinmu. Ban gama shan koko ba Auta ta faɗo ɗakina da kwamfuta a hammata, fuska a murtuke.

"Yaya, manhajarka ta ja mini kunya a aji."

Wata 'yar manhaja ce da na rubuta da Python, wani yaren rubuta manhaja, tun ina koyo, tana zaƙulo lambobin firam, wato waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. Makon jiya na ba ta don ta yi nazari. Ashe ba kod ɗin ta bi ba, bayanin da na rubuta bayan alamar # ta haddace. Ni hashiya nake kiran irin wannan bayani, kamar ta gefen littattafan zaure: matani a tsakiya, malami a gefe yana warwarewa. Sai dai kwamfuta ba ta karanta hashiya, tsallake ta take yi. Ko ƙarya ka shirga a wurin ba za ta ce maka uffan ba.

Na buɗe, sai ga abin kunya da hannuna: "1 ita ce firam ta farko." Wannan Auta ta miƙe ta faɗa, malaminsu ya gyara mata a gaban kowa. Abin haushi, layin da ke ƙasa daidai yake, yana cire 0 da 1 tun kafin a soma. Wataƙila na gyara kod ɗin daga baya na manta da hashiyar.

Na ce ta ɗauko rariyar Mama a ranta, don dabarar kenan. Eratostenis ne ya zo da ita, wani Bagirke da ya riƙe ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ka jera lambobi, ka bar 2 ka zubar da duk ninkinta, ka bar 3 ka zubar da nata, haka har tsaki kaɗai ya rage a sama. Tsakin nan su ne firam. Na tambaye ta, in aka ce 1 ma ta yi tankaɗe, me zai rage? Ta yi shiru, can ta ce, "Ba komai, ai kowace lamba ninkin 1 ce." To, kin gani.

Hashiya ta biyu da ta saɓa wa kod ba ta da wuya. Hashiya ta ce ana fara zubarwa daga ninki biyu na lambar, kod kuwa yana farawa ne daga lambar sau kanta. Ga 7, daga 49 ake tashi, domin 14 da 21 da 28 da 35 da 42 duk 2 da 3 da 5 sun riga sun kwashe su. Na sake rubuta ta, wannan karon har da dalilin.

Ta ukun ce ta cinye mini rana, ga shi an ɗauke wuta wajen azahar muna lallaɓa sauran caji. Na rubuta cewa manhajar tana kawo firam "har zuwa iyakar da aka ba ta, da ita iyakar." In ka ba ta 100 sai ta kawo 25, daidai. Shi ya sa shekara da shekaru ban lura ba, kullum da 100 ko 1000 nake gwaji. Auta ce ta ce mu sa 97, ita kanta firam ce. Sai ga 24, ta tsaya a 89. Umarnin range mai jera lambobi a Python ba ya taɓa lambar ƙarshe, yana tsayawa ne a bakin ƙofa.

Nan na rasa wa zan hukunta. Hashiyar ta faɗi niyyata, kod ɗin ya yi abin da ya ga dama. Da farko na so in sauya bayanin kawai ya koma "ƙasa da iyakar", in huta. Auta ta ce wannan ai gyara ƙafa ne don ta shiga takalmi. Na ji haushi, amma gaskiyarta. Na ƙara 1 a kan iyakar, 97 ta fito, 1000 ta ba da 168 kamar yadda ya kamata.

Bayan la'asar na tuna da Muhammad al-Katsinawi, malamin lissafin garin nan da ya yi rubutu kan hatimi ya rasu a Alƙahira a 1741. Da alƙalami da tawada suka yi nasu, wanda ya kwafa da kuskure ya ɓata wa na bayansa. Ni ga maɓallin gogewa a gabana, amma na bar ƙarya ta kwana shekaru.

Hashiya biyu na share gaba ɗaya, ciki har da wata mai cewa "nan ana ƙara 1" a gefen layin da ke ƙara 1. Auta ta kwafi sabon a filashi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kuɗin data zan biya ta diyyar kunyar da ta sha. Na ce ta jira albashi.