Yadda Na Koyi Ƙwanƙwasa Ƙofar Marubutan Girki

Sana'ata ita ce hulɗa da jama'a, wato ni ne wanda kamfani ke ɗauka domin sunansa ya shiga bakin mutane ba tare da ya sayi filin talla ba. Shekaruna na farko da 'yan jarida na yi su, kuma na saba da hanyarsu: a rubuta sanarwa, a aika wa edita, a bi shi da waya, idan aka yi dace labari ya fito. Da wani ƙaramin kamfani mai ƙera tukwane da kasake na baƙin ƙarfe ya ɗauke ni aiki, mai kamfanin ya gaya mini tun ranar farko cewa jaridu ba su ne damuwarsa ba. Abin da yake so shi ne a ga tukunyarsa a kicin ɗin marubutan girki na intanet, domin ya lura cewa masu sayen kayansa a wurinsu suke jin abin da ya kamata su saya. Na ce masa wannan ai ƙaramin aiki ne, kuma har ga Allah haka na ɗauka.

A dare ɗaya na tattara adireshin imel na marubuta kusan sittin, na rubuta sanarwa guda mai cike da yabon tukunya, na haɗa da wani girkin nama da ake daɗe ana dafawa a cikinta, na aika wa kowa abu iri ɗaya. Mako biyu suka wuce shiru kamar an aiki bawa garinsu. Amsa ɗaya tak na samu, daga wata marubuciya da ta rubuto layi biyu cikin ladabi, tana shaida mini cewa ta yi shekaru ba ta girka nama ba, sannan sunan da na gaishe ta da shi ba nata ba ne. Na koma na duba, na tarar da gaskiyarta, sunan wadda ke samanta a jerina na bari a kan wasiƙar. Kunyar da na ji a ranar ita ce ta sa na ajiye rubutu na koma karatu, abin da ya kamata na fara da shi.

Karatun ya ɗauke ni makonni, kuma abin da ya fara bayyana gare ni shi ne cewa mutanen da na tara a jeri ɗaya ba su da wata alaƙa sai ta kusanci da murhu. Heidi Swanson, wadda ta fara shafin girki na 101 Cookbooks a 2003, girkin da babu nama a ciki shi ne fanninta. David Lebovitz ya yi shekara 13 a gidan abinci na Chez Panisse da ke Amurka kafin ya koma zama a Faransa, shi ya sa hankalinsa ya fi karkata ga kayan zaƙi da rayuwar kasuwannin Paris. Deb Perelman ta kafa Smitten Kitchen a 2006 daga wani ɗan ƙaramin kicin a New York, kuma duk wanda ya karanta ta na ɗan lokaci zai gane cewa mai ƙarancin wurin ajiya ba ta marhabin da tarkace. Beth Moncel ta Budget Bytes, wadda ta fara a 2009, takan rubuta kuɗin kowane sinadari da abin da kwano ɗaya zai ci, saboda haka kai mata labarin kaya mai tsada ba tare da hujjar daɗewarsa ba ɓata lokaci ne. Minimalist Baker kuwa ƙa'idarsa a bayyane take tun 2012: sinadari goma ko ƙasa da haka, ko kwano ɗaya, ko minti talatin. Girkin naman da na aika, mai cin awa uku a kan wuta, ba shi da gurbi a irin wannan wuri ko da an rubuta shi da ruwan zinariya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai kuma waɗanda suka girma har suka zama gidajen watsa labarai masu editoci da ma'aikata, kuma su ma ba hanyarsu ɗaya ba. Eater, wanda ya fara a 2005 kuma kamfanin Vox Media ya saye shi a 2013, labarin gidajen abinci ne abincinsa, wane ya buɗe, wane ya rufe, wane kuku ya sauya wurin aiki, don haka tukunyar gida ba ta gabansa. Serious Eats, wanda Ed Levine ya kafa a 2006, ya yi suna ne da gwaji, a dafa abu sau da yawa ana sauya abu ɗaya har a gano dalili, kuma masu irin wannan hali ba sa karɓar da'awar kamfani sai sun gwada da hannunsu. Food52, wanda Amanda Hesser da Merrill Stubbs suka kafa a 2009, a lokacin yana da shagonsa na kayan kicin, wanda ke nufin maganar da za a yi da su ta fi kusa da ciniki fiye da neman labari.

Daga nan na fahimci inda na yi kuskure tun daga tushe. Editan jarida yana da shafuka da dole ya cike kowace rana, saboda haka sanarwata, komai rashin daɗinta, tana iya rage masa aiki. Marubuciyar girki mai zaman kanta ba ta da wannan dolen. Abin da ta mallaka shi ne yardar mutanen da suka gwada girkinta sau goma ya yi daidai, kuma duk lokacin da ta ambaci wani kaya, daga cikin wannan yardar take ciro wa. Ni kuma na zo ina neman ta kashe jarinta a kan tukunyar da ba ta taɓa ɗagawa ba, a madadin komai. Wasu daga cikinsu ma sun rubuta ƙarara a bayanin kansu cewa ba sa karɓar kayan gwaji ko kaɗan, kuma da na karanta wannan tun farko, da na rage sunaye da yawa daga jerina na huta.

Batun kyauta shi ne ya fi ba ni wahala, ba da marubutan ba, da mai kamfanin. A ganinsa, duk wanda aka aika wa tukunya ya ci bashin rubutu. Na zauna da shi na ce: "Yallaɓai, idan muka aika, kyauta muka yi, mai ita na iya yin shiru, na iya kushewa. Idan kuma rubutu muke so dole, to wannan talla ce, tana da farashinta, kuma za a rubuta a kanta cewa talla ce." Na ƙara masa da cewa tun 2009 hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayyar Amurka ta wajabta wa masu yabon kaya a intanet su bayyana idan an biya su ko an ba su kayan kyauta, saboda haka ɓoye alaƙa ba ma abin da za a roƙi mutum ba ne. Bai ji daɗi ba, amma ya bar ni na yi yadda na ga dama.

Saura labari, domin "mun fito da sabuwar tukunya" labari ne a wurinmu kaɗai. A masana'antar na same shi, wurin wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a aikin. Wata rana aka dawo da wani kasko da tsatsa ta cinye, mai shi yana ƙorafin an sayar masa da jabu. Dattijon bai ce uffan ba. Ya ɗauki soson ƙarfe ya goge tsatsar har baƙin ƙarfen ya fito, ya wanke, ya ɗora a wuta har ɗigon ruwa na ƙarshe ya ƙafe, sannan ya shafa mai ɗan kaɗan ya sa tsumma ya goge shi kamar wanda ya yi nadamar shafawa. Ya kifa kaskon a tanda mai zafi na awa guda, ya bari ya huce, ya maimaita. Da na tambaye shi dalilin goge man, ya ce, "Yaro, mai yawa danƙo yake zama, ɗan kaɗan shi ke kama ƙarfe." Kaskon ya fito baƙi wuluk yana sheƙi. A nan na ga abin da mai karatu zai amfana da shi ko bai taɓa sayen kayanmu ba, domin gidaje da yawa suna da irin wannan kasko a jefe a lungu.

Wasiƙun da na rubuta a karo na biyu guda takwas ne, kowacce daban, kuma babu wadda ta wuce layi bakwai. A kowacce na ambaci wani girki na mai ita wanda na dafa da kaina, na faɗi abin da dattijon ya nuna mini, na ce yana shirye ya amsa tambaya, akwai hotuna idan ana so, akwai tukunya idan ana son gwaji, kuma babu sharaɗi. Ban liƙa manyan hotuna ba, ban rubuta kalmar yabo ko ɗaya ba. Na kuma aika da wuri, watanni kafin lokacin sanyi da mutane ke komawa ga girkin tukunya, domin na koyi cewa girki ɗaya sai an gwada shi, an sake, an ɗauki hoto, kafin ya fito, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan kwana goma na tuna wa kowa sau ɗaya, na tsaya nan.

Uku suka amsa, biyu da haƙuri, ɗaya ta ce a aiko. Wata uku ban ji komai ba, mai kamfanin yana tambayata kusan kullum. Da rubutun ya fito, ta ba da hanyar dattijon dalla-dalla, ta bayyana cewa kyauta aka ba ta tukunyar, ta yabi yadda take riƙe zafi, sannan ta ce tana da nauyi ƙwarai kuma hannuwanta gajeru ne, da ƙyar ake kama su da tsumma idan ta yi zafi. Mai kamfanin ya kira ni ransa a ɓace yana so na nemi ta cire wannan sashe. Na ƙi, domin maganarta gaskiya ce, ni ma na ƙone a wurin, kuma saƙonnin da suka riƙa shigowa daga masu saye kusan duk sun ambaci cewa faɗin aibin ne ya sa suka gaskata yabon. A zubin da ya biyo baya an ƙara wa hannuwan tsawo.

Ina da wani littafi yanzu da nake rubuta abin da kowane marubuci ke girkawa, abin da ba ya taɓawa, da ranar da na tuntuɓe shi ta ƙarshe. Marubuciyar nan da na kira da sunan wata tana shafin farko. Sai bayan shekara biyu na sami ƙarfin halin sake rubuta mata, na fara da neman afuwa, na ba ta labarin kaskon. Ta amsa cewa tukwanenta sun ishe ta, ba ta buƙatar wata, amma tana so na tambayar mata dattijon wane irin mai yake shafawa.