Wane irin kaifi aska ke buƙata kafin ta hau fuska?

Wuƙar mahauci tana da kaifi, amma ba wanda zai yarda a ɗora masa ita a haɓa. Ma'aunin aska daban ne: ta datse gashi daidai fata da nauyin kanta kawai, ba sai an danna ba, kuma idan an wanke fuska kada a ji raɗaɗi. Abu biyu ke nan ake nema a bakinta, kaifi da santsi. Masu koyo sukan bi na farkon su manta da na biyun, shi ya sa za ka ga aska tana tsinke gashi tun kafin ta kai fata, amma ta bar wuya ja wur.

Maganar nan ta askar da ake wasawa ce, ko ta wanzami ko irin wadda ake ƙerawa a Solingen ta Jamus da Thiers ta Faransa. Wadda ake saka wa rabin reza, da ta cika shagunan aski daga Kawo har Rigasa a Kaduna, ba ta da washi. In ta dakushe sai a jefar da rezar.

Tushen komai shi ne gangaren baki, wato wurin da gefe biyu na ƙarfen suka gangaro suka haɗu. A askar Turai kusurwar wannan haɗuwa takan kama digiri 15 zuwa 18, kuma maƙerin ya riga ya auna ta da kaurin bayan askar. Don haka ba a ɗaga bayan aska a kan dutse kamar yadda ake yi wa wuƙa. Kwantar da ita ake yi, baya da baki duk suna taɓa dutsen, a tura ta baki na gaba, a juya ta ta kan bayanta, a dawo. Idan gefe biyun ba su haɗu ba tun daga dutsen farko mai lamba 1000 (lambar na nuna laushin dutsen washi: in ta ƙaru, dutsen ya fi laushi), ko kwana aka yi a kan dutse mai laushi wahalar banza ce, sheƙi kawai za a samu. Hanyar ganewa mai sauƙi: a shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a gangaren, a ja askar sau biyu ko uku, a duba. Duk inda tawada ba ta goge ba, dutse bai taɓa nan ba. Sai an ga ta goge daga farkon baki har ƙarshensa, kuma askar tana aske gashin hannu a kowane sashe nata, sannan a wuce gaba.

Daga nan sai lamba 3000 ko 4000 don share zanen da na farkon ya bari, sai 8000, sai 10000 ko 12000 ga mai shi. Ana iya aski daga 8000 lafiya lau. Kowane dutse ja 20 zuwa 40 yakan isa, kuma hannu na ƙara sauƙi yayin da ake hawa, har a ƙarshe ya zama nauyin askar ne kaɗai ke aiki. Shi kansa dutsen sai ya zama a miƙe: a shimfiɗa jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 400 a kan gilashi, a zana layuka da fensir a fuskar dutsen, a goga har layukan su ɓace. Injin washin wuƙaƙe na kasuwa kuwa, kada ma a fara. Bakin aska ya fi takarda siranta, zafin injin na ƙona shi nan take, ƙarfen ya saki, ya daina riƙe kaifi.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na silin gashi: a riƙe shi da yatsu biyu, a saukar da shi a kan bakin askar kamar santimita ɗaya ko biyu daga yatsun. In ya tsinke da ɗan ƙara, alama ce mai kyau. In ya zame, da sauran aiki. Sai dai gwajin na da yaudara, domin gashin wani ya fi na wani kauri, kuma bakin da ya yi ƙananan haƙora ma yakan cafke gashi ya tsinke shi. Alƙalin gaskiya shi ne kunci. A sa kumfa, a ja sau ɗaya daga saje zuwa ƙasa. Askar da ta isa za ta share kumfa da gashi tare da ɗan sautin ƙar-ƙar. Wadda ba ta isa ba za ta riƙa fizgar gashi har ido ya kawo ruwa, ko ta tsallake shi.

Akwai kuma wuce gona da iri. Idan aka daɗe ana washi, musamman da dannawa, bakin yakan yi siririn zare na ƙarfe da ke lanƙwashewa gefe. Ja na farko za a ji kamar ba a taɓa samun kaifi irinsa ba, kafin a kai haɓa zaren ya karye, sauran askin ya koma kankara. Man washi mai garin lu'ulu'u, irin mai matuƙar laushin gari (maikiron 0.25), shi ma yakan ba da kaifi mai tsananin da fata da yawa ba sa jurewa. A ganina wannan tseren ba shi da amfani ga yawancinmu. Gashin gemunmu murɗaɗɗe ne. Idan aka yanke shi ƙasa da fata da tsini a kansa, sai ya lanƙwaso ya soki fatar yayin tsirowa, ƙurajen aski ke nan da ake gani a wuya da ƙeya. Mai irin wannan fata ya bi kwanciyar gashi sau ɗaya, ko sau biyu in ya matsa, ya haƙura da neman sulɓi ta hanyar aske gashi ta inda ya saɓa wa kwanciyarsa.

Sau da yawa ma laifin ba na aska ba ne. Busasshen gashi tauri gare shi, sai ya sha ruwan ɗumi minti 2 zuwa 3 yake laushi, kuma a hunturun Kaduna, daga Disamba zuwa Fabrairu, kumfa kan bushe a fuska kafin a kai gare ta, gara a riƙa shafa ta sashe-sashe. Sai riƙo: tazarar bayan aska da fata kada ta wuce kaurin bayan sau biyu, kusan digiri 30 ko ƙasa. In aka miƙe ta fiye da haka kankare fata take yi, bakin kuma ya mutu da wuri. Ɗaya hannun kuma aikinsa jan fata ta miƙe, musamman a ƙarƙashin muƙamuƙi, da gaban goshin da Hausawa suka ce aski ya fi zafi in ya zo nan, ga mai kwalkwabo.

Abin da ke riƙe kaifi kullum fatar washi ce, wato jemammiyar fatar da ake jan aska a kai, ba dutse ba. Binciken da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2020 ya nuna cewa gashi, duk da ya fi ƙarfe laushi nesa ba kusa ba, yana ɓantare ƙananan gutsattsari a bakin reza, musamman idan ya same shi a karkace. Fatar washi ba ta mayar da abin da ya ɓantare, amma tana miƙar da abin da ya lanƙwashe ta kuma share datti. Kafin kowane aski a ja askar a kanta sau 40 zuwa 60, wannan karon baya na gaba baki na biye, fatar a ɗaure tam, a juya ta kan baya. Juyi ɗaya ta kan baki ya isa ya yanke fatar ya kuma dakusar da askar. In fatar ta saki ta yi ciki, bakin zai zagaye. Ranar da fatar washi ta daina dawo da daɗin aski, ja 10 zuwa 15 a kan dutsen ƙarshe yakan wadatar; ba a komawa 1000 sai baki ya ɓantare.

Da damina tsatsa ce abokiyar gaba, kuma daga kan baki take farawa, inda ido ba ya gani. Bayan aski a goge askar ta bushe har cikin marfinta, a ɗiga mata man keken ɗinki, a ajiye ta nesa da banɗaki. Mai yi wa jama'a aski kuwa ya sani shafa sifirit a gurguje ba ya tabbatar da kashe cutar hanta nau'in B, wadda ke iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7. Askar washi ta mutum ɗaya ce. Ga layin kwastomomi, sabuwar reza ga kowane kai, a ɓare ta a gaban mai shi.