Abin da kifi mai tauna yashi ya koya mini

A aikin kula da tankunan kifin ado, kifin da ake kira Geophagus ne ya sa na daina fara duba kifi na koma duba ƙasan tanki. Asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne, musamman yankin Amazon, kuma danginsu ɗaya da karfasa. Yini yake yi yana cika baki da yashi, ya tsince ɗan abincin da ke ciki, sauran ya zubo ta ramukan numfashinsa na gefen kai, kamar mai rairayar gari. In ka tsaya kusa da gilashin za ka ga yashin na gangarowa siriri ta gefe biyu, shi kuwa ya riga ya sake dulmiya baki.

Saboda haka tsakuwa ba ta da wuri a tankinsa, komai kyanta. Tana kurje masa baki, tana hana shi sana'arsa, sai ya rame ya lafe a lungu. Yashi mai laushi ake zuba masa. Masu son lambu a cikin ruwa kuwa sai haƙuri, domin duk shukar da aka dasa a yashin tone ta zai yi. Shi ya sa shukokin ruwa irin su Anubias ake ɗaurewa jikin itace.

Darasin da ya fi wuya shi ne na ruwa. Ruwa yana iya yin garau a ido alhali sinadarin naitiret, wanda ke samuwa daga kashin kifi da ragowar abinci, ya taru a ciki. Wannan kifin ba ya jurewa, kuma yawancin lokaci da ƙananan ramuka a goshi yake nuna damuwarsa, lokacin an riga an makara. Canza kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan duk mako, da riƙe zafinsa tsakanin digiri 26 da 29, ya fi kowane magani amfani a ganina.

Kada ƙanƙantarsa ranar saye ta ruɗe ka. Wasu nau'o'in na kai santimita 25, ga shi sun fi sakewa a garke na biyar ko shida, don haka faɗin ƙasan tanki ya fi zurfinsa muhimmanci. Abinci kuma ƙanana masu nutsewa, kaɗan-kaɗan.

In ka ga ɗaya ta daina ci, haɓarta ta ɗan kumbura, kada ka yi saurin zuba magani. Da yawa daga cikinsu a baki suke renon ƙwai da 'ya'ya, wataƙila goyo take yi.