Dalilin da Ya Sa Na Daina Zuba wa Wake Magani

Lokacin da nake yaro, mahaifina yakan gauraya irin wake da toka mai sanyi a cikin tukunya, ya liƙe bakinta da laka, kuma irin yakan kai damina lafiya lau. Sai dai wannan dabara ta 'yan tiyoyi ce kawai, saboda haka da na fara ajiye buhuna da kaina, sai na bi sahun jama'a, ina sayen magani a kasuwa ina zuba wa abincin da iyalina za su ci.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne, tun daga gona ƙwaron yake biyo wake. Uwar tana yin ƙwai a jikin kwanso, tsutsar ta huda ƙwayar ta zauna a ciki tana ci, kuma cikin kimanin wata guda ta zama ƙwaro ta fito ta yi nata ƙwan. Shi ya sa mutum zai ɗaure buhu mai kyan gani da kaka, ya kwance bayan wata uku ko huɗu ya tarar da huji da gari.

Na shiga taitayina ne a shekarar 2015, da na ji cewa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin nan da ake haɗa fiya-fiya da shi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin waken da wasu suka ƙi karɓa shi ne muke yin ƙosai da alale da shi muna ba yara.

Tun daga nan na koma amfani da buhun PICS mai hawa uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada dabararsa tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru. Leda biyu ce masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kuma hikimar ita ce hana iska shiga: ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, daga bisani su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba.

Amma buhun yana son kula. Dole wake ya bushe sosai, har idan aka ciza ya yi ƙaras. Ina duba kowace leda ko ta huje kafin in zuba, in matse iskar, in ɗaure kowane hawa daban, sannan in ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, wanda huji ɗaya nasa ya isa ya ɓata aikin duka. Wanda za a riƙa ɗiba kullum kuwa ina ware shi a jarka mai murfi, domin yawan buɗewa yana mayar wa ƙwarin iskar da aka hana su. Sauran buhunan ba na taɓa su sai bazara ta yi nisa, lokacin da wake ya yi daraja a kasuwar Dawanau.