Sos ɗin abarba na gashin nama, yadda nake haɗa nawa

Wasu da sun ji an ce abarba a jikin gasasshen nama sai su yatsine fuska, wai me ya haɗa nama da kayan marmari. Ni kam na daina musu da kowa a kan wannan, in na gama gashi in miƙa maka kawai ka ci. Sos ɗin babikiyu ai dama can zaƙi ne da tsami, wanda aka fi gani a kwalba ɗin nan mai kauri mai duhu salon Kansas City ne ta Amurka, tumatir ne da sikari da binega da kayan ƙamshi. To ita abarba zaƙin da tsamin duk tana da su a jikinta, ga ƙamshi kyauta. Abin da ya sa na koma haɗa nawa kenan, na kwalba zaƙinsa ya yi min yawa, kana cin kaza kamar kana shan alawa, ɗanɗanon naman duk ya ɓace.

Daga wajen zaɓen abarbar ake fara samun nasara ko a faɗi. Abarba ba irin ayaba ba ce da za ka ajiye ta nuna a gida, da zarar an yanke ta daga jikin uwarta zaƙinta ya tsaya kenan, in ka ajiye ta kwanaki sai dai ta yi laushi ɓawon ya canza kala amma sikarin cikinta ba ya ƙaruwa. Don haka ni ɗagata nake in shinshina gindinta, in ƙamshi ya bugo ni na ɗauka, in ba na jin komai na ajiye, in kuma warin tsami-tsami nake ji irin na abin da ya fara lalacewa to ta wuce. Gefen ƙasan ya fi na saman zaƙi, wannan ma yana da amfani in rabi za ka yi aiki da shi.

Ina fere ta in ciccire idanun nan, in yanka ta faifai-faifai masu ɗan kauri, sai in ɗora su a kan wayar gashi tukuna kafin su ga tukunya. Wannan matakin mutane da yawa tsallake shi suke yi kuma wallahi shi ne rabin daɗin. Minti uku zuwa huɗu kowane gefe ya isa, za ka ga layin wayar ya fito baƙi-baƙi a jikinta, ruwan yana tsattsafowa yana tafasa a saman yankan yana zama ruwan ƙasa, launinta ya tashi daga rawaya mai haske ya koma kamar na zuma. Ƙamshin hayaƙin da ta kwasa a nan shi ne zai bi sos ɗin har ƙarshe, ba sai ka nemi wani ruwan hayaƙi na kwalba ba. In ba ka hura gawayi ba ranar, kasko busasshe mai zafi sosai ma yana yi, sai dai ba hayaƙi.

Awon da nake bi ba wani mai tsauri ba ne. Abarba gasasshiya yankakkiya kamar kofi biyu, kecap kofi ɗaya, albasa ɗaya madaidaiciya, tafarnuwa ƙwara huɗu, ɗanyar citta kamar tsawon gaɓar yatsa, binega kwatan kofi, soya sos cokali biyu, sikari mai ruwan ƙasa cokali biyu, sai mastad ƙaramin cokali da paprika (garin jan tattasai) da barkono daidai yadda bakinka zai ɗauka. In ina da Worcestershire, wani baƙin sos na kwalba, ina zuba cokali ɗaya, yana ba shi wani ɗanɗano mai zurfi, amma a sani na asali irin na Lea & Perrins da ƙananan kifi ake haɗa shi, in akwai wanda kifi ba ya karɓar jikinsa a cikin masu ci sai a bar shi.

Albasar nake fara soyawa da ɗan mai kaɗan a wuta ƙasa-ƙasa har ta yi laushi ta fara ja, sannan tafarnuwa da citta su shiga na kamar minti ɗaya, kar a bar tafarnuwa ta ƙone don ɗacinta ba ya fita ko me ka zuba daga baya. Sai abarba da sauran kayan ban da sikari da rabin binega, ruwa rabin kofi, a bar shi ya tafaso sannan a rage wuta. Tukunyar silba (stainless steel) mai kauri ko mai rufin enamel nake amfani da ita, ta alminiyam zalla ba ta shiri da abu mai tsami, binega da tumatir da abarba a haɗe sai su jawo wani ɗanɗanon ƙarfe-ƙarfe. Minti ashirin da biyar zuwa talatin yana ɓararraka a hankali tukunya a buɗe, kana juyawa jefi-jefi, musamman can ƙarshe da ya fara kauri don nan ne yake kamawa a ƙasa ba ka sani ba.

Sikarin fa ban cika zuba shi da farko ba, sai na ɗanɗana. Kecap irin na Heinz sama da kashi 20 cikin 100 ɗinsa sikari ne, ita abarba kuma tana da wajen giram 10 a kowane giram 100, kuma ruwa na ƙonewa zaƙin yana ƙara taruwa, to in ka ci sa'ar abarba mai zaƙi sai ka ga cokali ɗaya ma ya isa ko a bar shi gaba ɗaya. Haka binega, rabi nake zubawa a farko in ajiye rabi sai an kusa saukewa, saboda tafasa tana kashe mata kaifi.

In ya dahu sai blanda. A bari ya sha iska tukuna, kuma kar a cika jug ɗin ya wuce rabi, abu mai zafi a blanda tururinsa ɗaga murfi yake yi ya watsa maka a fuska da bango, ni tawul nake ɗorawa a kan murfin in danne da hannu. Bayan niƙa ina tacewa da rariya saboda abarba tana da zare-zare, in ba a tace ba burushi yana kwaso su suna manne wa nama suna ƙonewa. Gwajin kauri kuma mai sauƙi ne, ka tsoma cokali ka ja yatsa a bayansa, in layin ya tsaya bai haɗe ba to ya yi. Ka sauke shi yana ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda kake so, yana hucewa zai ƙara kama jikinsa.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, dalilin da ya sa dole a dafa abarbar nan sosai. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ake kira bromelain, aikinsa narkar da furotin, shi ne yake sa harshenka ya riƙa ƙaiƙayi da zafi-zafi in ka sha ta da yawa, kuma da shi ake yin wasu daga cikin garin laushin nama da ake sayarwa. Na so in ga ƙarfinsa da idona sai na yanka ƙirjin kaza gida biyu, rabi na jiƙa a niƙaƙƙiyar ɗanyar abarba, rabi a wadda na tafasa, na sa su a firij suka kwana. Da safe wadda ta kwana a dafaffiya tana nan garau, ta sha ɗanɗano kawai. Ɗayar kuwa ko ɗagawa ba ta yi da kyau, samanta ya yi fari ya yi taɓo, in ka goga yatsa naman yana biyo yatsan, da na gasa ta kuma a baki sai ka ji gari-gari, ba laushi ba ne na daɗi, lalacewa ce kawai. Zafi yana kashe sinadarin, shi ya sa abarbar gwangwani ba ta yin wannan ɓarnar tunda an riga an dafa ta wajen rufewa. Kuma gasa faifan abarba na 'yan mintuna ba lallai zafin ya ratsa har tsakiya ba, tafasar tukunyar ce ke gama aikin.

Ba wai ɗanyar ba ta da rana ba. Naman sa mai tauri in aka yanka shi falle-falle, ɗan ruwan ɗanyar abarba na minti ashirin zuwa talatin yana taimakawa, sai a ɗauraye a tsane. Amma wannan aiki ne daban, ba na haɗa shi da sos.

Sai maganar wuta, nan ne mutane suke ɓata sos mai kyau su ce sos ɗin ne bai yi ba. Abu ne mai sikari, sikarin tebur yana fara narkewa ya yi ruwan ƙasa a wajen digiri 160 na salshiyos, irin na 'ya'yan itace da zuma ma tun bai kai nan ba yake farawa, garwashi kuwa in ya kama sosai saman wayar yana wuce digiri 250 cikin sauƙi. To ka shafa shi a ɗanyen cinyar kaza da za ta yi minti talatin ko fiye a wuta, kafin cikin ya dahu wajen ya zama baƙi ƙirin mai ɗaci, ka yanka kuma ka tarar da jini a jikin ƙashi. Shi ya sa naman da gishiri da busassun kayan ƙamshi kawai nake fara gasa shi, sai ya kusa dahuwa, saura kamar minti goma, sannan sos ya fito.

Garwashin nake turawa gefe ɗaya, ɗaya gefen in bar shi ba wuta a ƙasa. In lokacin shafawa ya yi sai in janye naman zuwa gefen da ba wuta, in shafa siriri, siriri fa, ba a lafta shi, in rufe minti uku ya bushe ya kama, in juya in shafa ɗaya gefen, haka sau biyu ko uku. Kowane shafi yana hawa kan na baya har ka ga naman ya fara sheƙi yana danƙo. A ƙarshe sai in mayar da shi kan wutar kai tsaye na ɗan lokaci, ƙasa da minti ɗaya kowane gefe, ina tsaye a kai ba na ko amsa waya, gefe-gefen ya ɗan yi baƙi kaɗan in ɗauke. Launin sos yana ruɗi, nama zai yi kamar ya dahu alhali da saura, don haka ma'aunin zafi nake sokawa, kaza sai tsakiyarta ta kai digiri 74.

Kaza ce ta fi karɓarsa a ganina, musamman cinya da fiffike masu fata. Haƙarƙarin rago mai kitse ma yana yi sosai don tsamin yana yanke maiƙon. Tsokar naman sa mai kyau kuwa ba na shafa mata, a gefe nake ajiye sos ɗin wanda yake so ya dangwala.

Tun kafin in fita wajen wuta nake raba shi biyu, na shafawa a kwano daban na ci daban, saboda burushin da ya taɓa naman da bai gama dahuwa ba in ya koma cikin kwano to abin da ya rage a kwanon nan zubarwa ne, sai dai in za a sake tafasa shi. Wanda bai taɓa nama ba kuma kwalba mai tsafta mai murfi, cikin firij, ina ƙoƙarin cinye shi cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, da cokali mai tsafta ake ɗiba. In na yi da yawa sai in zuba a farantin ƙanƙara in sa a firiza, ya daskare in juye a leda, ranar da zan gasa cinya biyu kawai in ɗauko ƙwara uku in narkar a ƙaramar tukunya da ɗan ruwa. Kuma in da hali a haɗa shi tun ana gobe gashi, wanda ya kwana a firij kaifin binegar ya kwanta, citta da tafarnuwa sun shiga jikin abarbar, ya fi na ranar daɗi nesa ba kusa ba.