Bizar aiki ta Birtaniya: abin da nake gaya wa masu tambayata

Tun da na fara aikin jinya a arewacin Ingila, tambayar da aka fi aiko mini daga gida ita ce, "Anti, nawa zan tanada in samu biza?" Wani lokacin kuma iyayen yaran ne ke kira da kansu, a gaisa, a tambayi sanyi, sannan a ce, "Hajiya, ga ƙanenki nan ya gama makaranta yana zaune, ki taimaka ki jawo shi." Ina jin nauyin irin wannan kira ƙwarai, domin na san halin da ake ciki a gida. Sai dai amsata ba ta canzawa: ni ba ni da ikon jawo kowa, kuɗi ma ba su da shi. Mai wannan ikon shi ne wanda zai ɗauke ka aiki, kuma shi ma sai in gwamnatin Birtaniya ta ba shi lasisin ɗauko ma'aikata daga waje.

Ga yadda abin yake. Asibiti ko kamfani mai lasisi zai yi maka tambayoyin ɗaukar aiki, yawanci ta bidiyo. In ka yi musu, sai su fitar maka da shaidar ɗaukar nauyi, wadda kowa ke kira CoS. Mutane da yawa sun ɗauka wata takarda ce mai hatimi. Lamba ce kawai a rumbun kwamfutar ma'aikatar cikin gida, ɗauke da sunanka da irin aikin da albashin da ranar farawa. Da ita za ka cike neman biza a intanet, kuma wata uku gare ka daga ranar da aka fitar da ita, in ya wuce ta mutu. Sunayen masu lasisi kuwa ba sirri ba ne, suna nan a shafin gov.uk, kowa na iya saukewa ya duba a wayarsa.

Wannan lambar ita ce dillalai suka mayar haja. Mijin wata 'yar uwata ya sayar da filin da ya gada a bayan gari, ya tura kuɗin ga wani da ya yi masa alkawarin aiki a gidan kula da tsofaffi. Sai bayan ya biya aka turo mini hoton "takardar" in duba. Sunan kamfanin yana cikin jerin masu lasisi, shi ya sa ya saki jiki. Da na rubuta wa kamfanin ta adireshin da ke shafinsu, suka ce ba su taɓa jin sunansa ba. Har yau ban manta muryar matarsa a waya ba. Mutumin kirki ne, ba malalaci ba, so yake ya ciyar da 'ya'yansa da guminsa. Dokar ƙasar ta hana mai ɗaukar aiki ɗora wa ma'aikaci kuɗin CoS, don haka duk wanda ya ce ka kawo miliyoyi ya samo maka ita, ko dai ta bogi ce, ko kuma ta gaske ce amma babu aiki a bayanta. Ta biyun ta fi muni. Na ga mutanen da suka sauka lafiya, suka je kamfanin, aka ce musu babu gurbi yanzu, su jira kira, ga haya ga sanyi ga bashi a gida.

Kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya isar wa na kusa da shi: ƙofar aikin kula da tsofaffi ta rufe ga masu nema daga waje. An buɗe ta a Fabrairun 2022, jama'a suka yi ta shiga. A Maris 2024 aka hana masu wannan aikin tafiya da iyalansu, sannan a ranar 22 ga Yulin 2025 aka daina ɗauko sababbi daga ƙasashen waje gaba ɗaya. A ranar ce kuma aka ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru zuwa fam 41,700 a shekara, alhali a farkon 2024 fam 26,200 ne. Amma har gobe akwai masu tallar "aikin kula da tsofaffi a Landan" a Facebook da TikTok, domin sun san labarin bai kai ko'ina ba.

Mu ma'aikatan jinya hanyarmu daban ce, tana da tsawo amma a fili take. Da farko sai jarrabawar Turanci, IELTS ko OET. A IELTS ana son maki 7, an yi sassauci zuwa 6.5 a ɓangaren rubutu, kuma rubutun nan shi ke kayar da yawancinmu, ba don ba mu iya aiki ba. Daga nan sai ka buɗe rajista da NMC, hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya a Birtaniya, sannan hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya ta tabbatar musu da lasisinka, ka zauna jarrabawar kwamfuta ta CBT. A nan ma a yi hattara da masu cewa za su "taimaka". A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa a Ibadan, ta soke sakamakon duk wanda ya zauna a wurin, kusan mutum 2,000, har da waɗanda suka rubuta da hannunsu tsakani da Allah.

Akwai wani abu da ke rikita mutane. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka asibitocin Birtaniya da ejan ɗinsu ba su da izinin zuwa farautar ma'aikata a wurinmu. Kai da kanka kana iya shiga NHS Jobs, shafin neman aiki a asibitocin gwamnatin Birtaniya, ka nema, wannan halal ne. Haka na yi, na yi ta aikawa ana ƙi, har Allah ya kawo rabo. Ba zan ɓoye ba, wannan jerin yana taɓa ni. Na san ɗakin da na bari, na san yawan gadajen da mutum ɗaya ke riƙewa da dare, kuma na san tafiyata ta ƙara wa abokan aikina nauyi.

Da CoS ta fito, sauran aikin mai sauƙi ne. Gwajin tarin fuka a asibitin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja ko Legas, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, dangwalen yatsu da hoto. Ana son a ga fam 1,270 sun kwana 28 a asusunka, sai dai in mai ɗaukar ka ya rubuta cewa zai riƙe ka a watan farko. Bizar ma'aikatan lafiya ba ta biyan harajin lafiyar nan na fam 1,035 a shekara da sauran masu biza ke biya. Amsa takan fito cikin mako uku.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rayuwa bayan an sauka. Ba ka zama cikakken nas ba sai ka ci OSCE, jarrabawar aiki a aikace mai tashoshi 10, wadda ake yi a wurare irin su Northampton da Leeds. Kafin nan albashin mataimaki za ka karɓa, kuma wata takwas aka ba ka ka kammala rajista. Sannan bizar a ɗaure take da mai aikin, kamar akuya da turkenta. In aikin ya ƙare, ko aka ƙwace lasisin kamfanin ko da ba laifinka, kwana 60 ake ba ka ka samu wani mai ɗaukar nauyi ko ka tattara. Shi ya sa wasu ke haɗiye wulaƙanci su yi shiru. Kana da damar canza wurin aiki, amma sai da sabuwar CoS da sabon neman biza.

Don haka kafin ka sa hannu a kwantiragi, ka nemi sashen da ke maganar biyan diyya in ka bar aiki da wuri. Yawancinsu sukan ce za ka mayar da kuɗin jirgi da masauki da jarrabawa in ka tafi kafin wasu shekaru. Ka tambayi nawa ne, kuma shin yana raguwa da tafiyar lokaci. Ka tambayi awa nawa aka lamunce maka a mako, a rubuce. Idan mace ce mai sa hijabi, ko kana son a san da sallar Juma'a a jadawalin aiki, ka faɗa tun a ganawar bidiyo. Ni na tambaya, ba su ɓata rai ba, sai ma suka turo mini ƙa'idar tufafin asibitin ta imel a ranar.