Dare ɗaya a gidan kiɗan Sayyid Darwish

Tafiyar jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa Iskandariyya ba ta da wani labari, sai dai tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada nesa ba kusa ba, abin da har yanzu bai kwanta mini a rai ba. Da na sauka, wani mai tasi ya ga babbar riga ya yanka mini kuɗin da ko tayawa ban yi ba, har da ɗaga murya. Wani dattijo mai sayar da jarida ne ya ce, "Alhaji, da ƙafa ma za ka isa." Ya bar wa ɗansa teburin, ya raka ni har Titin Fu'ad inda gidan kiɗan yake, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Allah ya saka masa.

Gidan a ɓoye yake bayan wasu gine-gine. Sai ka ratsa tsakaninsu fili ya buɗe, ga mutum-mutumin Nubar Basha, tsohon firaministan Masar, a zaune. An aza harsashin gidan a 1918, aka buɗe shi a 1921 da sunan Muhammad Ali. Bafaranshe Georges Parcq ne ya zana shi. A 1962 aka mayar da shi sunan Sayyid Darwish, ɗan unguwar Kom el-Dikka da ke nan kusa, wanda ya tsara kiɗan taken ƙasar Masar, ya rasu a 1923 yana da shekara 31 kacal. Daga baya ginin ya lalace, aka gyara shi, aka sake buɗewa a 2004.

Gyaran ne ya kama ni. Ba su rufe tsohon ado da tayil da gilashi ba. Zanen rufi, ruwan zinaren jikin benaye, jan labule, duk an dawo da su. Kuma ba don 'yan yawon buɗe ido aka yi ba, mutanen gari ne cike da kujerun, har da tsofaffi da jikoki. Mai ud (molon Larabawa) da mai sarewa suna kai wata gaɓa sai ka ji ɗakin ya ɗauka, "Allah!" Nan raina ya koma kan tsofaffin silimomin Kano da aka mayar kantuna da ɗakunan ajiya, wallahi sai da na ji zafi.

Washegari na leƙa babban ɗakin karatu na Iskandariyya da aka buɗe a 2002, na zaga tsohuwar ganuwar tsaro ta Ƙaitbay a gurguje. Kifin bakin teku da daɗi, amma ka ji farashi kafin a gasa.